Ƙasar da Hamisu Ya Rufe da Leda a Guangzhou

Azumin bana ya cika shekara goma sha bakwai da rasuwar ƙanena Hamisu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kuma har yau 'yan uwansa na ciki ɗaya suna kiransa "mai wasan ƙasa". Ba a bayan idona suke faɗa ba. A gabana suke faɗa, wani lokaci ma a gaban 'yarsa Bilkisu. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ba zan shafa masa zuma ba. Mutum ya mutu a garin wasu yana nema wa gonar ubanmu magani, waɗanda suka zauna a inuwa suka mai da shi abin ba'a a wurin biki da suna.

Ni ba marubuciya ba ce. Sai da na aurar da 'yata ta fari kafin na kama fensir a ajin yaƙi da jahilci. In kun ga maganata ta fito a tsaye babu lanƙwasa, haka na iya, kuma haka zan bar ta.

Gonar da nake magana fadama ce a ƙauyenmu, gefen Kura. Tumatir Baba yake nomawa a cikinta kowane rani, da shi ya ciyar da mu, da shi ya aurar da ni. Daga baya sai ƙasar ta juya mana baya. A dasa tumatir ya kama, ya yi kore shar, har ya fara fure, sai wata rana da tsaka ka gan shi ya yi yaushi kamar an watsa masa ruwan zafi. Ka tumɓuke, ka tarar saiwar ta ruɓe. Hamisu, autanmu, shi ne mai noman bayan ƙarfin Baba ya ƙare. Ya ƙara takin zamani, ya canza iri, ya yi feshi har ƙirjinsa ya kama. Maƙwabcinmu da ya buɗe sabon wuri yana cika kwanduna, mu muna kwasar gawa. Tsofaffi suka ce ƙasa ta gaji. Wasu suka ce sammu ne. Baba ya rasu da baƙin cikin nan, babban yayanmu Garba ya fara maganar a sayar. Hamisu ya roƙe shi ya dakata, ya bi wani ɗan kasuwa zuwa Sin neman abin da zai riƙe gida.

A can ya zama ɗan jagora. Shi zai tarbi mutanen Kano, ya kai su Xintang sayen wandon jins, ya kai masu safara irina kasuwar Zhanxi Lu sayen takalma, ya bi kwantena har tashar ruwa ta Nansha ya ga an rufe ta. Ya iya Sinancin kasuwa, na ciniki da faɗa da ban haƙuri. Ni kuwa ban san bihim ba a lokacin, Hamisu ne idona da bakina a garin.

Alhazanmu ba sa barin Guangzhou sai sun sayi tsarabar ginsen. Wata saiwa ce fara mai rassa, in ka dube ta kamar ɗan mutum mai hannu da ƙafa. Mazan suna cewa don gajiya suke sha, mu dai mun ji. Hamisu yana kai su kasuwar magunguna wurin wani dattijo da muke kira Lawban Li. Lawban shi ne maigida a bakinsu. Wata rana Hamisu ya ga an ware wasu saiwoyi gefe, jikinsu ya yi ja kamar tsatsa, ya tambayi dalili. Dattijon ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ginsen ba ya fita a Guangzhou, zafi ya yi masa yawa. Daga can arewa mai ƙanƙara ake kawo shi, garin su dattijon. Yana shekaru a ƙasa kafin a tone. In an tone kuma, wannan ƙasa ba za ta sake karɓar ginsen ba sai yaron da aka haifa a ranar ya isa aure. Ka dasa kafin nan, saiwa ta yi ja ta ruɓe. Da can sai su sare sabon daji su koma. Yanzu hukuma ta hana saran daji, danginsa kuma sun cinye duk filin da suke da shi.

Hamisu da kansa ya ba ni labarin. Ya ce, "Yaya, mutumin nan bai taɓa ganin Kura ba, amma fadamarmu yake kwatanta mini."

A nan ya yi kuskurensa, kuma kuskure ne na ɗan Kano. Mu mutanen da muke noma gona ɗaya tun kaka da kakanni ba mu taɓa barin ta ta huta ba, jaki ya kai itace birni ya dawo da taki, mun tashi da imanin cewa babu ƙasar da taki da toka ba za su tayar ba. Har tasa gonar da ta ƙi, Hamisu gani yake takin zamani ne ya ƙone ta, da an koma na gargajiya da ta warke. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ya bugi ƙirji ya ce wa dattijon ƙasarku yunwa take ji. Dattijon, wanda ruwa ya ci har ya kai ga kama takobi, ya sa ƙaninsa ya aiko masa da buhunan tsohuwar ƙasar ta jirgin ƙasa, tare da 'yan dashen ginsen masu shekara guda. Yana da wani ɗaki mai na'urar sanyi a bayan shagon inda yake ajiye kaya, nan suka jera akwatunan. Hamisu ya bi Musulmin Sinawa masu yankan raguna ya samo kashin tumaki, ya bi masu gashin nama ya kwaso toka, ya cakuɗa yadda Baba ya koya masa.

Dashen da aka sa wa takin Hamisu sun riga waɗanda ba a sa wa komai ba mutuwa. Ashe ginsen ɗan inuwar daji ne, a kan ruɓaɓɓen ganye ya saba rayuwa, taki mai zafi da toka guba ne a wurinsa. Kuma ashe ba yunwa ce ke damun ƙasar ba. Cuta ce mai rai da amfanin bara ya bari a ciki, tana kwance tana jiran na bana. Hamisu abinci ya kai mata ta yi ƙiba. Ya ce dattijon bai yi masa faɗa ba. Ruɓaɓɓiyar saiwar ya ɗora masa a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kanta, ya koma ya zauna. Hamisu ya ce da ya mare shi da ya fi masa sauƙi.

Da wani ne, da ya gudu daga nan. Shi ya koma washegari. Suka zauna suna haɗa abin da kowa ya sani. Dattijon ya ce a wajensu wanda ya mai da tsohon fili gonar shinkafa, ruwa ya kwanta a kai, jiransa yana raguwa. Ya kuma taɓa jin wasu manoma suna cakuɗa dusa a ƙasa, su jiƙe ta sharkaf, su rufe da leda a bar wa rana, har abin da ke ciki ya shaƙe ya mutu. Hamisu ya tuna cewa a fadamarmu ma gefen da ruwa ke kwanciya da damina shi ne na ƙarshen lalacewa. Zafin Guangzhou da ba ya barin ginsen ya rayu, sai ga shi shi ne abin da suke bukata don dafa ƙasar. Suka hau da ragowar buhunan saman benen shagon. 'Yan dashen da suka saura, ba su da yawa, suna cikin firji suna jira.

To amma gwajin farko ya riga ya cinye watannin da yake da su. Shekarar ce ta gasar Olamfik a Beijing, kuma wanda duk ya yi safarar Sin a lokacin ya san yadda biza ta zama. Da can mutum ya leƙa Hong Kong ko Macau ya dawo da sabon hatimi. A shekarar aka rufe wannan ƙofa, aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nema. In Hamisu ya tafi, zafi zai wuce, dashen ba za su kai wata shekara a firji ba. Ya zauna. Bizarsa ta mutu yana saman bene yana juya ƙasa.

Ban san wannan ba sai da na sauka. Da ƙyar na samu biza ta 'yan kwanaki, kuma maimakon Hamisu sai na ga Alhaji Isuhu, wani abokinsa ɗan Maraɗi mai safarar shadda, shi ya zo tarbata. Na ce ina yaron? Ya karɓi jakata yana kallon gefe, ya ce, "Hajiya, wanga ƙane naki ya gagare mu. Mu saye munka zo, shi shibka ya zo. Shina can bisa bene shina noman da babu girbi." Dariya ya so in yi. Ban yi ba.

Garin ya canza mini. Tutoci ko'ina, an share tituna an dasa furanni, amma unguwar da baƙaƙen fata ke cika ta yi tsit. Ana tare mutane a bakin tashar jirgin ƙasa da ƙofar masauki ana duba fasfo. Gidan da muke hawa mu ci tuwo, wanda da sai ka jira kujera, na tarar da mai tuwon tana korar ƙuda. Wanda takardarsa ta mutu ba ya fita sai dole. Ba na zargin kowa, garinsu ne, dokarsu ce. Amma na ga maza masu gemu suna magana ƙasa-ƙasa kamar ɓeraye.

Da azahar Alhaji Isuhu ya kai ni benen. Na tarar da Hamisu ya rame, ya yi baƙi, yana ɗingishi tsakanin wasu dogayen akwatuna da aka lulluɓe da farar leda. Ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma.

Na ce, "Auta, wannan ne ya hana ka tarbata?"

Ya ce, "Yaya, sannu da hanya tukuna."

"Ban gaji ba. Ina fasfonka?"

"Yana nan ƙalau. Shi ba ya ciwo."

"Ƙafar fa?"

Ya ce ƙarfe ne ya yanke shi garin hawa da buhu, abu kaɗan. Na sa shi ya kwance. Ba abu kaɗan ba ne. Ciwon suga gadonmu ne ta wajen Inna, na ga yadda ya ci ƙafarta, na san kalar wannan miki. Na ce asibiti yanzu. Ya ce a asibiti fasfo za a fara tambaya. Na ce to ka kai kanka wurin hukuma, ka biya tara, su sa ka a jirgi, ka koma gida da ƙafa biyu. Ya ce zai yi, amma sai dashen sun buɗe ganye ya ga saiwarsu. Ya ce Yaya Garba ya yi masa waya, in ya dawo hannu rabbana to gonar ta tafi. Na ce masa gona ba ta yi wa mutum sallar gawa, kuma garin neman gira zai rasa ido. Na faɗa masa maganganu masu zafi a ranar, har na kira shi marar tausayin 'yarsa. Ban yi nadama ba. Gaskiya na faɗa, kuma da zai dawo yau ita zan maimaita masa kafin in rungume shi.

Bai yi fushi ba. Hamisu ba ya fushi, ni na ɗauke mana rabonmu mu biyu. Cewa ya yi, "Tunda kin zo, ara mini hancinki."

Kafin in fara safara shekaru na yi ina sayar da koko a ƙofar gida, ya san na san tsami. Ya ɗaga gefen ledar akwati ɗaya. Wani wari ya bugo ni, irin na gasarar da aka manta a tukunya cikin bazara. Na ja baya, na sake matsowa. Mai koko ta san akwai tsamin da ya kai, akwai wanda bai kai ba, akwai kuma ruɓa, kuma ba ɗaya ba ne. Na ce wannan ta kai. Muka je akwati na biyu, na ce wannan iska ta shige ta, duba ledarka. Ya duba, sai ga huda a gefe. Ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, tsamin nan shi ne alamar cutar ta shaƙe.

Daga nan ya ce, "Ke ba kya rubutu, to hannunki zai riƙe." Ya sa ni na gyara akwatin da ya lalace tun daga farko. Na barbaɗa dusa na cakuɗa har ta ɓace a cikin ƙasar. Na zuba ruwa, ya ce ƙara, na ƙara, ya ce sai ƙasa ta ƙoshi ta fara maido da shi. Muka shimfiɗa sabuwar leda ta kwanta a jikinta babu kumburi, ya nuna mini yadda ake tusa bakin a danne da diddige, don in iska ta samu hanya ko ta allura ce aikin ya tashi a banza. Ya ce in an buɗe kuma ba a dasa nan take, sai an bar ta ta sha iska warin ya fita.

Muna cikin haka Alhaji Isuhu, wanda ke leƙen titi, ya ce a hankali, "Ga su nan ƙasa." 'Yan sanda ne suka shigo layin suna bi ƙofa-ƙofa. Na dubi Hamisu. Babu inda zai gudu da wannan ƙafa, matakala ɗaya ce. Ya ja jiki ya shige bayan tankin ruwa ya durƙusa. A raina na ce ga dama ta zo, in na yi shiru suka hau, za su kama shi, za su kai shi asibiti ko jirgi, ko wanne ya fi nan. Ya gane abin da nake tunani, don ido ya zuba mini. Na ɗauki fasfona na sauka, hannuna duk laka. Na same su a ƙofar shago, Lawban Li yana tsaye a bakin matakalar yana ta zuba musu bayani da kofin shayi a hannu. Suka duba takardata, suka dubi hannuna, ɗaya ya tambayi dattijon wani abu, ya amsa, suka yi dariya suka wuce. Daga baya na ji ashe dattijon ce musu ya yi ni baƙuwarsa ce mai son shuka fure. Mutum ba ya miƙa ɗan uwansa, ko da miƙawar ce alherinsa. Wanda ya ce zai iya, bai taɓa tsayawa a matakalar nan ba.

Kwanakina suka ƙare na dawo Kano da takalmana. Aka buɗe gasar, unguwa ta cika da ihu saboda 'yan ƙwallonmu sun kai wasan ƙarshe, ni kuwa in na ga tutar Sin a talabijin saman benen nan nake gani. A waya ya ce mini sun dasa. Daga baya ya ce sun tsiro. Muryarsa tana raguwa, yana cewa layi ne ba kyau. Azumi ya kama, ya ɗauka duk da an hana shi. Zazzaɓi ya kwantar da shi, Alhaji Isuhu ya goya shi ya kai asibiti, fasfo ko babu fasfo. Sun karɓe shi, sun yi iya yinsu, amma dafin ya riga ya shiga jini. Bayan la'asar Alhaji Isuhu ya kira ni, bai yi wasa ba a ranar. A maƙabartar Musulmi ta garin aka binne shi, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Ghana suka yi masa sutura. Allah Ya saka musu, Ya jiƙansa.

Da na sake komawa bayan wasu watanni, na je shagon. Dattijon yana ganina ya miƙe. Ba mu da harshe ɗaya, sai kalmar da kowane mai shago ke faɗa in kaya sun ƙare. Ya ce, "Hamisu meyo." Babu Hamisu. Ya ja ni ɗakin sanyi. Akwatunan da ba a taɓa ƙasarsu ba babu komai a ciki sai ƙasa. A cikin waɗanda aka rufe da leda wasu sun mutu, amma masu rai sun fi yawa. Ya sa yatsa ya tono ɗaya ya ɗora mini a hannu. Ba ta wuce ɗan yatsan jariri ba, fara tas, babu ja ko ɗigo. Shekara na zagayowa ya rufe shagon ya koma arewa. Ban sani ba ko gonarsa ta karɓi abin da akwati ya karɓa. Akwati ba gona ba ne, ginsen kuma ba tumatir ba ne, kuma ba zan yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi ba.

Na kawo wa Yaya Garba labarin da zafinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce dusa abincin awaki ce, leda kuma ta ƙulla ƙosai, kuma yaron nan wasan ƙasa ya kashe shi. Daga ranar sunan ya bi shi. Abin da ya hana a sayar da gonar tun lokacin shi ne limamin garinmu ya ce akwai haƙƙin marainiya a ciki, a jira ta mallaki hankalinta. Ba sau ɗaya ba na roƙi a ba ni fangali guda in gwada, Yaya Garba yana cewa ba a raba gado ba, kuma ina mace ina noman rani. Lokaci-lokaci wani ya karɓi haya ya dasa tumatir, ya kwashi gawa ya tafi.

Nakan tambayi kaina me Hamisu zai ce da ya ga yau. Masu safara da yawa ba sa ma zuwa Guangzhou, a waya suke zaɓen kaya, aikin ɗan jagora ya ragu. Shayin ginsen da alewarsa sun cika kemis-kemis na Kano, babu mai sha da ya taɓa tambayar halin da ƙasar da ta haife shi take ciki. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka, amma har yanzu in shuka ta yi yaushi shi ake cewa a ƙara. Gonakin bakin titi sun zama fulotai, inda muka tsinci tumatir muna yara yanzu bulo ake bugawa. Ina jin da ya ga ledar da ta cika kwatocinmu dariya zai yi, ya ce ga magani yana yawo a bola. Kuma ina jin da ya ga Bilkisu, wadda ya bari tana tatata, yau tana koyar da yara a firamare, da ya yarda da ni cewa ya yi gaggawar tafiya.

Ranar da shekarun suka cika mun yi masa sadaka, dangi suka taru shan ruwa a gidan Yaya Garba. Azumin da ya tafi a cikinsa na damina ne, na bana kuwa ya faɗo a bakin bazara, ko bayan magariba bango yana huci. Ana gama addu'a sai ga dillali da takarda. Wani mai gidan bulo yana son fadamar gaba ɗaya. Har da 'yar tawadar dangwale aka turo gabana, an manta na shiga makaranta. Na ture ta, na ɗauki takardar na karanta a fili, a hankali, yadda na iya, kowa yana jira. Na ajiye na ce ban sa hannu ba.

Yaya Garba ba mugu ba ne, gajiya ce. Ya tsufa, yana da iyali, gonar ba ta ba shi komai. Ya ce, "Uwani, shekara nawa za mu yi muna gadin kabari? Ko ke ma wasan ƙasar za ki yi?"

Kafin in buɗe baki Bilkisu ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baffa, tun ina ƙarama nake jin sunan nan. Ban san fuskarsa ba, sunan na sani. Ina so in gani da idona ko wasa ne. In wasa ne, ni ma in huta."

Na ce a ba mu inda ya fi mutuwa, zuwa kakar tumatir mai zuwa. In ya yi yaushi kamar kullum, zan sa hannu da bairona, ba da yatsa ba, kuma ba zan ƙara hana kowa faɗar abin da ya ga dama ba. Dillali ya ce mai saye ba zai jira ba. Na ce ya nemi wata. Liman ya ce babu ciniki sai da hannun mu biyu. Yaya Garba ya ce mu ɗauki gindin tsamiya, can ko ciyawa da ƙyar take fita.

Na san abin da na ɗora a faranti. In ƙasar ta ƙi, gonar Baba ta tafi, sunan da suka sa wa Hamisu kuma ya zauna har abada, ni na buga masa hatimi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwaji yana iya kunyata mai shi.

Me ya saura na Hamisu? Kabarin da ba ma iya ziyarta. Jakar kayansa da Alhaji Isuhu ya aiko. 'Ya mai irin tafiyarsa. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, bai ma bar tabbacin cewa yana da gaskiya ba. Abin da ya bari shi ne mutum ne da ya yi kuskure a gaban baƙo, aka ɗora masa ruɓar a hannu, ya koma washegari. Sai kuma wani wari da ke hancina, da wani aiki da ke hannuna, waɗanda in na mutu da su sun tafi.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki hayar kurkura mai ɗaukar kaya, muka biya injin casar shinkafa na sa aka loda dusa, na sayi naɗin farar leda, na aro injin ban ruwa wurin maƙwabci. Rana ba ta yi sama ba muna gindin tsamiya ni da Bilkisu, da azumi a bakinmu. Na cakuɗa, ta zuba ruwa, ta ce, "Gwaggo, ya isa?" Na ce ƙara, sai ta fara maido da shi. Muka ja ledar ta kwanta. Na tusa bakin a ƙasa, na kama hannunta na ce ta sa diddigenta kusa da nawa, muka danne.